Gari Ba Ya Zama Kufai Da Kansa

Akwai maganar da na gaji da jin ta a bakin manya. Duk sa'ad da aka ambaci wani ƙauye can arewa da Filinge wanda ba sauran hayaƙin tuwo a cikinsa, sai ka ji an ce, "Ai mutanen wurin sun tashi." Shi ke nan, an rufe zance, a shiga wani. Ba mai tambayar wa ya tashe su, ko yaushe, ko ina suka nufa. Ni kuwa na san manomin Kurfey. Ba ya barin rumbunsa da gonar gandu da kushewar ubansa don marmarin birni, sai in abu ya fi ƙarfinsa. Duk kufan da ke ƙasar nan akwai hannun da ya kashe shi, akwai kuma hukumar da ta ga ana kashe shi ta kau da kai, kuma su nake so a ambata.

Wanda bai taɓa shiga garin da ya watse ba, da wuya ya gane zafin da ke raina. Danga ce ke fara faɗuwa. Kara ya ruɓe, gara ta cinye dirkoki, sai ka tsaya a bakin gari kana hangen har cikin ɗakin matar aure, inda a da ko ƙanen miji ba ya kutsa kai sai da sallama. Damina ɗaya ta isa ta zubar da jinka. Kafin ta uku katangar laka ta narke ta koma tudu, tumfafiya ta tsiro a tsakar masallaci, teburan lakwal an kwashe an yi makamashi da su. Rijiya ce ke daɗewa. Za ka tarar da itacen bakinta yana nan, igiyar guga ta sassaƙe shi layi-layi tun zamanin kakanni, amma in ka leƙa ba ruwa, don rijiyar da ba a yasa rairayi ke cike ta. Maƙabarta kuwa in ba wanda ya san wurin ba, sai mutum ya taka ta ya wuce bai sani ba.

Mutanen fa ba mutuwa suka yi gaba ɗaya ba. Suna nan a gefen Abala, da Filinge, da Baleyara, da bayan garin Yamai. Dattijon da a garinsu wurinsa ake zuwa rancen iri in shuka ta ƙone, yau yana zaune a zauren wani yana jiran a auno masa tiya guda. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin gari tana kwana a bukkar leda. Abin da ya fi cin rai, jikokinsu da aka haifa a can in ka tambaye su garinsu, sunan unguwar da suke gudun hijira za su faɗa maka.

Kada wani ya ce mini wannan sabon abu ne da ya faɗo mana daga Mali. Ƙasar Kurfey ta sha ganin garuruwanta suna watsewa, kuma kusan kowane karo da sa hannun mai mulki. Kakanninmu sun zauna cikin kwarin Dallol Bosso ne saboda ruwa yana kusa, hatsi yana yi, dabba tana samun ci. Kowane gari da dattawansa da ke yanke magana. Da Faransawa suka zo a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗora mutum guda a kan ƙasar baki ɗaya, Mayaƙi Gado Namalaya, don su sami hannun da zai tara musu lanho, wato haraji, ya kamo musu samari aikin tilas. Ba tonon silili nake yi wa gidan sarauta ba, abin da ke rubuce ne, kuma Nasara ne ya tsara shi haka don amfanin kansa.

A 1925, a nan Shikal, hedikwatar ƙaramar hukumar Kurfey ta Tsakiya ta yau, wata mace mai suna Shibo ta jagoranci abin da aka sani da Babule, wanda daga baya duniya ta kira Hauka. Ni ba ɗan bori ba ne, kuma ba na kiran kowa zuwa gare shi. Amma duk wanda ya tsaya ga hawan iska kawai ya bar dalilin, ya zalunci mutanen nan. Sun ƙi biyan lanho, sun ƙi aikin tilas, sun ƙi bin sarkin da aka ɗora musu, wasunsu suka fice daga garuruwa suka kafa nasu zama a daji. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kwaso su aka kulle, aka wulaƙanta su, har sunansa ya shiga cikin iskokin Hauka a matsayin Kwamanda Mugu. Daga baya abin ya bi 'yan cin rani har ƙasar da ake kira Gana yanzu, inda Jean Rouch ya ɗauki hotonsu a Akara, fim ɗin ya fito a 1955. Turai ta kalli mutane suna kumfar baki ta yi ta muhawara a jami'o'i. Su nawa suka tambayi abin da ya sa talaka ya gwammace zaman daji da zaman garinsu? Mu kanmu yaranmu na lakwal a Shikal, su nawa aka taɓa gaya wa cewa a garinsu aka yi wannan tawaye?

Shekara shida bayan haka aka yi yunwar 1931. Fara ta sauka, ruwa ya yi gardama, wannan daga Allah ne, ba mai ja. Amma abin da ya mayar da ƙarancin abinci ya zama mutuwar dubban mutane a yammacin Nijar aikin ɗan Adam ne. Tun 1926 aka mayar da babban birni Yamai, ana ta kwasar majiya ƙarfi zuwa gini da aikin hanya, gonaki suka rasa masu noma. Rumbu ya ƙare, amma lanho bai tsaya ba, mutum ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya biya kuɗin kansa da na iyalinsa. Masana tarihi irin su André Salifou da Finn Fuglestad sun bi takardun zamanin, kuma sun nuna alhakin hukumar mulkin mallaka ƙarara. Jama'a suka bazama, da yawa suka ƙetare zuwa Najeriya, garuruwa suka koma kango. Aikin tilas ɗin nan sai a 1946 aka soke shi.

Muka sami 'yancin kai a 1960, muka ce an rabu da wahala. Sai ga farin 1973 da 1974. Saini Kunce, ɗan Fandu a wannan yanki namu na Filinge, ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma cikin manyan dalilan da ya bayar har da yadda aka bar talaka da yunwa ana wasa da abincin agaji. Sai 1984, yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Sai 2005. Kowace ta zo sai ta yaye wa ƙauyuka wani kaso na samarinsu, cin rani ya tashi daga na wata huɗu ya koma na shekaru, wasu na har abada. Duk da haka garuruwan sun jure. Ko tsofaffi da mata kaɗai suka rage, in ruwa ya sauka ana shuka, ana kiran salla, ana ɗaura aure.

Abin da yunwa ta kasa yi cikin shekara ɗari, bindiga ta yi shi cikin 'yan shekaru, a gaban idonmu, ana da gwamnati, ana da rediyo, ana da salula a kowane aljihu.

A 2011 aka yanke Abala da Baleyara daga Filinge aka mai da su jihohin kansu, aka ce don a kawo hukuma kusa da talaka. A 2012 yaƙin Mali ya turo dubban 'yan gudun hijira aka yi musu sansani a Abala, mutanenmu suka karɓe su hannu biyu-biyu. A Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da Walam da wasu jihohin iyaka. Daga nan fa sai lissafin gawa. Ranar 10 ga Disamba 2019, soja 71 a Inates. Ranar 25 ga watan, jami'an tsaro 14 a yankin Sanam, suna rakiyar masu rajistar zaɓe. Ranar 9 ga Janairu 2020, soja 89 a Shinagodar, dubban mutanen garin da kewaye suka tsere. Ranar 2 ga Janairu 2021, fararen hula sama da 100 a Combangu da Zarumdare, mutum fiye da 10,000 suka bar gidajensu. Ranar 15 ga Maris 2021 aka tare motocin masu dawowa daga kasuwar Banibangu aka kashe mutum 58. Kwana shida bayan haka, 137 a yankin Tiliya ta jahar Tawa. A Nuwamba, magajin garin Banibangu da kansa ya faɗi tare da mutanensa, su 69. Allah ya jiƙansu da rahama, sojansu da farar hularsu.

Waɗannan su ne waɗanda rediyo ya faɗa. Amma yawancin garuruwan da suka watse ba a yi musu kisan da zai kai gidan rediyo ba. A hankali ake kashe su, kuma ya kamata mai zaune a Yamai ya san yadda abin ke tafiya. 'Yan bindiga su shigo kan babura da rana tsaka, su tara maza a gindin bishiya, su ce a fitar da zakka. Zakka! Sunan rukunin addini suke ɗora wa fashi, alhali ba malamin kirki da ya taɓa cewa ana karɓar ta da bakin bindiga ana ƙona rumbun maraya. Su ƙirga shanu su kora nasu. Su ce lakwal haramun ne, mushe, wato malamin lakwal, ya kwashe kayansa cikin dare. Ma'aikacin likita ya bi bayansa. Maigari ya rasa inda zai sa kansa: in ya biya, hukuma ta ce yana ciyar da 'yan ta'adda, in ya ƙi, a yanka shi gaban iyalinsa, in ya kai rahoto, kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Masu gari nawa aka kashe a jahar Tilaberi a kan haka? Rana ɗaya sai a aiko a ce an ba ku kwana kaza ku bar wurin. A ɗora tabarma da tukunya a amalanke, a bar hatsi tsaye a gona.

A 2023 makarantun da aka rufe a jahar Tilaberi sun haura 900. Kowace ɗaya daga cikinsu gari ne da ya fara mutuwa, don uban da ke son ɗansa ya yi karatu dole ya tura shi wani wuri, uwa ta bi ɗa, daga nan gida ya rabu biyu.

To me hukuma ta yi? Daga 1 ga Janairu 2020 aka hana hawan babur a faɗin yankin, aka kuma faɗaɗa dokar ta-ɓaci har ta haɗa da Filinge. Na fahimci dalilin, maharan da babur suke zuwa. Amma wanda ya sa hannu a takardar nan ya taɓa ganin mace mai naƙuda a kan amalanken jaki, tsakar dare, ana neman likita mai nisan tafiyar yini? Ɗan kabu-kabu da babur ɗin ne abincinsa, da me aka musanya masa? Aka rufe wasu kasuwanni, aka taƙaita sayar da mai. Ɗan ta'adda bai fasa yawonsa ba, don shi da ma ba ya neman izinin kowa. Talaka ne ya zauna ba kasuwa, ba abin hawa, ba mai tsaronsa. Irin wannan doka in ba a haɗa ta da tsaro na gaske ba, taya maharan kwashe gari take yi.

Ga kuma abin da har gobe in na tuna sai zuciyata ta tafasa. A farkon 2020, daidai lokacin da ake binne yaranmu na Inates da Shinagodar, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasa ya bankaɗo cewa kuɗi kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba. Mutanen da suka ci wannan kuɗi suna da hannu a kowane kufai da ke tsakanin Abala da iyaka. Sun gina benaye a Yamai, wasu kuwa sun rasa ko bukka. A Satumban 2020 kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wato CNDH, ta ce ta gano gawa 71 ta fararen hula a yankin Inates, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu daga cikin jami'an tsaro. Ina girmama sojan da ya ba da ransa dominmu, kuma saboda girmansa ne nake cewa a hukunta wanda ya ɓata masa suna. Talakan da ke tsoron mai rawani a kan babur, yana kuma tsoron mai kaki a cikin mota, ba abin da ya rage masa sai gudu.

A ƙasar nan da maƙwabciyarta Najeriya akwai tsofaffin garuruwa masu suna da suka taɓa watsewa. Asode a cikin duwatsun Abzin, da can babban birni, yau kango. Alkalawa ta Gobir da ta faɗi a 1808. Lugu ta Sarauniya, maƙwabtanmu a ƙasar Arewa, wadda rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa a Afrilun 1899. Waɗannan ko ba komai an rubuta su, ɗalibai suna karanta su, baƙi suna zuwa gani. Namu na yanzu ƙananan garuruwa ne na zana da laka, ba ganuwa, ba dutse. In aka ƙara shekara ashirin a haka, ko tudun ba za a gane ba, dattawan da suka san iyakar kowace gona sun ƙare, ba takarda ko ɗaya da ta ce an taɓa yin gari a wurin.

A nan ne babbar fitinar ke kwance, kuma ban ji ana maganarta ba. Gona ba ta zama ba mai ita. Ranar da ƙura ta lafa, wani zai zo da shanunsa ya ce makiyaya ce tun fil azal, wani ya zo da takarda daga birni ya ce an ba shi, ɗan mai gonar kuma ya dawo ya ce nan kakansa ya sare. Da ma rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya a kan iyakar Mali yana cikin abin da maharan suka samu suka hura. In ba a rubuta haƙƙin kowa yanzu ba, manomi da Bafillace da Buzu, muna shuka wa jikokinmu wani yaƙin da hannunmu. Kuma ba dokar ce babu ba. Tun 2 ga Maris 1993 Nijar ke da kundin dokar karkara, da kwamitocin filaye da ake kira COFO tun daga jiha har ƙauye. A Disamba 2018 muka zama ƙasar farko a Afirka da ta yi dokarta ta kare 'yan gudun hijira na cikin gida, mai lamba 2018-74, bisa yarjejeniyar Kampala. An yi ta yabonmu a tarurrukan duniya. A je Abala a tambayi mai kwana cikin bukkar leda ko an taɓa karanta masa ita da Hausa ko da Zabarmanci.

An gwada mayar da mutane gida. A Mayun 2021 aka kwashi mutanen Anzuru daga Tilaberi aka mai da su garuruwansu, a Yuni aka yi haka a Barwa ta jahar Difa. Niyyar mai kyau ce, ban raina ta ba. Sai dai mayar da mutum gida ya wuce a zuba shi a mota a sauke gaban masu ɗaukar hoto. Sai soja ya zauna ya kwana a wurin, an yashe rijiya, mushe ya dawo da alli a hannu, an ba da iri kafin ruwan farko. In ba haka ba, an kai shi ne a sake koro shi, kuma wanda aka kora sau biyu ba ya yarda ya koma na uku.

Ba zan bar 'yan bokon Kurfey ba. Kuna nan cike da ma'aikatu a Yamai, likitoci, malaman jami'a, manyan hafsoshi, 'yan kasuwa. In biki ne ko naɗin sarauta, motocinku sun cika hanyar Baleyara. Wa ya hana ku ɗaukar littafi da alƙalami ku zauna gaban tsofaffin nan da ke gudun hijira, ku rubuta sunan garinsu, wa ya kafa shi, rijiya nawa, gida nawa, gonar wa ke iyaka da ta wa, wace rana aka fita, wa aka binne a hanya? Wannan ba ya bukatar izinin gwamna ko kuɗin Turawa. Salular da ke hannunku ta isa ta ɗauki muryar dattijo. Kowane wata ana binne waɗanda suka san amsoshin nan.

Shikal tana nan da mutanenta, Filinge tana nan, Alhamdu lillahi. Amma mutanen garuruwan da suka watse su ma haka suke cewa sa'ad da abin yake can gaba da su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganata ta ƙarshe ga Shugaban ƙasa ce. Ranka ya daɗe, Janar Abdurahamane Tiani, kai ɗan Tukunus ne, ba sai an kwatanta maka Abala ko Sanam a taswira ba. Ranar da kuka karɓi mulki a Yulin 2023, taɓarɓarewar tsaro kuka ba da hujja, kamar yadda Kunce ya ba da hujjar yunwa, saboda haka da tsaro za a auna ku. Ka sa gwamnan Tilaberi da shugabannin jihohin Filinge da Abala da Banibangu su fitar da sunayen duk garuruwan da suka watse, ɗaya bayan ɗaya, a karanta su a rediyo kowa ya ji. Ka tura kwamitocin filaye sansanonin gudun hijira su rubuta gonakin mutane da burtalin dabbobinsu tun masu shaida suna da rai. Waɗanda suka ci kuɗin makamai a gurfanar da su a bainar jama'a. Sannan a faɗa wa mutanen nan gaskiya, gari kaza za a koma bana, gari kaza sai baɗi, ga sojan da zai zauna tare da ku. Suna da haƙƙin a ba su wannan amsa kafin wata daminar ta sauka.